Hutun Bazara a Kanal: Yadda Masu Shaƙatawa Suka Ceci Hanyoyin Ruwan Ingila

A arewa maso yammacin Ingila akwai wani zagaye na hanyoyin ruwa da ake kira Cheshire Ring, tsawonsa kilomita 156. Mai mota zai cinye wannan tazara cikin awa biyu zuwa uku. Amma duk bazara, daga Yuni zuwa Agusta, lokacin da rana ba ta faɗuwa a can sai wajen ƙarfe tara na dare, iyalai da abokai sukan biya kuɗi mai kauri su yi hayar wani siririn jirgi, su kwashe mako guda cur suna bin irin wannan zagaye. Doka ba ta yarda jirgin ya wuce gudun mil 4 a awa ba, wato kilomita 6 da ɗoriya, abin da mai tafiya a ƙasa zai iya yi idan ya ɗaga ƙafa. A wannan zagaye kaɗai akwai wurare 92 da dole a tsaya, a sauka, a tura manyan ƙyamaren katako da ƙarfin jiki kafin a wuce. Wanda ya ji wannan bayani zai iya cewa wahalar da kai ce da ɓarnar kuɗi irin ta waɗanda suka ƙoshi. Ni a ganina wannan hutu yana daga cikin abubuwa mafi amfani da suka taɓa samun hanyoyin ruwan Birtaniya, domin ba don masu yawon shaƙatawa ba, da yawancinsu yanzu an cike su da ƙasa an yi gine-gine a kai.

Kanal hanya ce ta ruwa da mutane suka haƙa da hannu, suka shafe gindinta da yumɓu don kada ruwa ya tsiyaye. Wanda ya san manyan kanal na noman rani a Kadawa da Kura ya riga ya san siffarsu, sai dai na Ingila don dakon kaya aka haƙa su, ruwansu kusan a tsaye yake, zurfinsa kuma a wurare da yawa bai wuce ƙirjin babban mutum ba. A 1761 wani basarake mai ramukan kwal, Duke na Bridgewater, ya buɗe kanal ɗin da injiniya James Brindley ya yi masa aikinsa, domin kai kwal daga Worsley zuwa Mancesta. Ba a jima ba farashin kwal a birnin ya faɗi da kusan rabi. Dalili a fili yake. Dokin da ke fama da tan ɗaya ko biyu a amalanke kan hanya mai taɓo, idan aka ɗaura masa igiyar jirgi yana tafiya a bakin ruwa, sai ya ja tan 25 zuwa 30. Da masu masana'antu suka ga haka sai suka yi ca a kai. Josiah Wedgwood mai sana'ar tangaran ya tsaya kai da fata sai da aka haƙa kanal ɗin Trent da Mersey, wanda aka kammala a 1777, saboda kofuna da farantansa suna farfashewa a hanyar ƙasa. Zuwa shekarun 1830 ƙasar tana da kusan mil 4,000 na kanal da kogunan da jirage ke bi.

Babban abokin gabar mai haƙa kanal shi ne tudu. Ruwa ba ya hawa, idan kuma aka bar shi ya gangara zai tsere ya bar jirgi a laka. Dabarar da aka yi ita ce a yanka hanyar kashi-kashi, kowane kashi ruwansa a shimfiɗe daidai, sannan a gina mataki tsakanin na sama da na ƙasa. Matakin ruwa, wanda Turawa ke kira lok, dogon akwati ne na bulo ko dutse mai ƙyaure a kowane ƙarshe. Idan jirgi zai hau, sai a shigar da shi ta ƙyauren ƙasa a rufe. Wani daga cikin matafiyan ya nufi ƙyauren sama riƙe da wani lanƙwasasshen ƙarfe da ake ba kowane jirgi, ya murza wani ƙarfe mai haƙora, shi kuma ya ɗaga murfin wasu kafofi da ke ƙarƙashin ruwa. Ruwan kashin sama ya kwararo cikin akwatin, jirgin ya riƙa tashi a hankali har ruwan ciki ya yi daidai da na sama. Sai a lokacin ƙyauren zai buɗu, domin matuƙar akwai bambanci, ko da na tafin hannu ne, nauyin ruwa yana danne shi yadda ƙarti ba za su iya motsa shi ba. Da zarar ruwan ya daidaita kuwa, yarinya ma za ta jingina bayanta da gungumen da ke maƙale da ƙyauren ta tura shi. Wajen saukowa sai a juya al'amarin, a buɗe kafofin ƙasa ruwan ya fice, jirgin ya sauka tare da shi. A nan ne haɗari yake, domin akwai dakali a gindin ƙyauren sama, kuma idan bayan jirgi ya hau kansa ruwa na janyewa, gaban jirgin zai dulmiya. Shi ya sa kamfanonin haya suka fi ja wa baƙi kunne a kan wannan dakali fiye da komai. Dabarar ba Turawa suka fara ta ba. Tarihin ƙasar Sin ya nuna wani jami'i mai suna Qiao Weiyue ya gina irin wannan akwati mai ƙyamare biyu a shekarar 984. Mu ma muna da irinsa a madatsar Kainji da aka kammala a 1968, wadda aka gina ta da mataki domin jiragen dakon kaya su iya wuce ta a kogin Neja.

Girman akwatin shi ne ya yanka wa jirgin siffarsa. Matakan da aka gina a tsakiyar Ingila faɗinsu ƙafa 7 ne, tsawonsu kusan ƙafa 72, saboda haka jirgin da zai bi su bai wuce mita 2 da ɗan abu a faɗi ba, ko da tsawonsa ya kai mita 21. A cikin wannan siririn wuri ake jera gadaje, kicin, banɗaki da wurin zama, ɗaya bayan ɗaya. Mai haya ba ya buƙatar lasisin tuƙi. Ma'aikatan kamfanin za su nuna masa yadda ake juya jirgin da sandar da ke bayansa, da yadda ake bin hannun dama idan an haɗu da wani jirgi, da yadda ake rage gudu kusa da jiragen da aka ɗaure, sannan su sallame shi. A manyan koguna irin su Thames, wanda ke da matakai 45, galibi akwai ma'aikaci da ke kula da ƙyamaren, amma a kanal kowa da hannunsa yake yi. Inda tudu ya yi tsauri sai matakan su jeru reras. A Tardebigge, kan hanyar Worcester zuwa Birmingham, guda 30 ne a jere, suna ɗaga jirgi mita 67 cikin kilomita uku da rabi, kuma wuce su aikin rabin yini ne. A arewacin Wales kuma akwai gadar Pontcysyllte da Thomas Telford da William Jessop suka gina, aka buɗe a 1805, inda kanal ɗin kansa yake ƙetare kogin Dee a cikin kwamin ƙarfe mai tsawon mita 307, a tsayin mita 38 daga ƙasa. A gefe ɗaya na kwamin babu shinge ko kaɗan, matuƙi yana tsaye yana kallon kwari a ƙarƙashin ƙafarsa. UNESCO ta sa wannan gada cikin wuraren tarihi na duniya a 2009.

Duk wannan ya kusa salwanta. An buɗe layin dogo tsakanin Libaful da Mancesta a 1830, daga nan kaya suka fara komawa jirgin ƙasa. Kamfanonin jirgin ƙasa suka sayi kanal da yawa, kuma ba su da wani dalilin kashe kuɗi a kan abokin gasarsu. Da manyan motoci suka zo sai abin ya ƙara taɓarɓarewa. Lokacin da gwamnati ta karɓe hanyoyin a 1948, da dama sun cika da ciyawa da shara, ƙyamarensu sun ruɓe. Sanyin 1962 zuwa 1963, wanda ya daskarar da ruwan na tsawon makonni, ya ƙarasa yawancin abin da ya rage na dakon kaya a siraran jirage, domin masu kaya sun koma mota ba su dawo ba. A idon jami'an wancan lokaci kanal kwata ce mai haɗari ga yara, wadda cike ta ya fi gyara ta sauƙi.

Abin da ya juya akalar lamarin shi ne yawon shaƙatawa. A 1939 wani injiniya mai suna Tom Rolt ya gyara wani tsohon jirgin kaya mai suna Cressy ya mai da shi gida, shi da matarsa suka kewaya kanal ɗin tsakiyar Ingila. Littafin da ya rubuta a kan tafiyar, Narrow Boat, ya fito a 1944 ya samu karɓuwa sosai. Wani mai karatu, Robert Aickman, ya rubuta masa wasiƙa, suka haɗu a Tardebigge, kuma a 1946 aka kafa ƙungiyar Inland Waterways Association domin kare hanyoyin. Makamin da suka riƙe mai sauƙi ne, wato su shiga jirgi su bi hanyar da ake son a manta da ita. Doka a wancan lokaci ta wajabta wa mai kanal ya bar shi a buɗe ga jirage matuƙar ba a soke shi a hukumance ba. A 1947 Rolt ya sanar da kamfanin jirgin ƙasa na Great Western cewa zai wuce ta wani wuri a kanal ɗin Stratford inda suka kafe wata gada ta toshe hanya, dole ta sa suka turo ma'aikata suka ɗaga masa ita. Abin da ya faru a ƙarshen shekarun 1950 ya fi wannan nuna gaskiyar magana. Hukumar gundumar Warwickshire ta nemi a soke kudancin wannan kanal domin ta samu sauƙin aikin wata gada, bisa hujjar cewa an yi shekaru babu jirgin da ya bi shi. Sai masu fafutuka suka fito da rasiɗin kuɗin wucewa da wasu mutum biyu suka biya lokacin da suka bi shi da ƙaramin kwalekwale ba da daɗewa ba. Wannan 'yar takarda ce ta rushe hujjar. Ƙungiyar National Trust ta karɓi kanal ɗin, 'yan sa-kai da sojoji da fursunoni suka yashe shi suka gyara matakansa, mahaifiyar Sarauniya Elizabeth ta sake buɗe shi a 1964.

Daga nan gwamnati ma ta sauya tunani. Dokar sufuri ta 1968, wadda minista Barbara Castle ta jagoranta, ta ware wasu hanyoyin ruwa a matsayin na shaƙatawa, ta ɗora wa hukuma nauyin kula da su saboda wannan dalili kaɗai. Waɗanda dokar ta bari a baya kuma 'yan sa-kai suka bi su ɗaya bayan ɗaya. A 1972 kusan mutum 1,000 suka taru a ƙarshen mako guda suka kwashe shara daga kanal ɗin Ashton a Mancesta, wanda shi ne ya ba da damar sake haɗa zagayen Cheshire a 1976. Sarauniya Elizabeth ta sake buɗe kanal ɗin Kennet da Avon a 1990, tare da matakansa 29 na Devizes. A 2001 aka buɗe ramin Standedge, mai tsawon kilomita 5 a ƙarƙashin duwatsun Pennine, bayan an daɗe da fitar da rai da shi. A yau wata gidauniya mai suna Canal and River Trust, wadda ta gaji hukumar gwamnati a 2012, ita ke kula da kusan mil 2,000 na hanyoyin ruwa a Ingila da Wales, da matakai sama da 1,500, kuma jiragen da ke da rajista a hannunta sun haura 30,000.

Akwai dalili na zahiri da ya sa wucewar jirgi take raya kanal, ban da maganar doka da kuɗi. Ƙyauren mataki da itacen oak ake yin sa, kuma yana daɗewa ne idan yana jiƙe. Idan aka bar shi ya bushe sai ya tsattsage. Yumɓun gindin kanal ma haka, da ya bushe sai ya dare, ruwa ya riƙa zurarewa. Farfelar jirgi tana hana ciyawa rufe tsakiyar hanya, matafiya kuma su ne idanun da ke fara ganin inda bango ya tsage su kai rahoto. Gaskiya ne ba kowane kanal jirage suka ceta ba. Na Llangollen, wanda gadar Pontcysyllte take kansa, an soke shi a hukumance a 1944, abin da ya hana shi mutuwa shi ne ruwan sha da yake kaiwa daga kogin Dee zuwa wata madatsa a Cheshire. Sai dai wannan ma yana ƙarfafa maganar ne, domin abin da ya riƙe shi shi ne amfani da ake yi da shi kullum. Bambancin kawai shi ne kanal kaɗan ne suka yi sa'ar samun irin wannan aiki na biyu, sauran kuwa ba su da kowa sai mai yawon hutu.

Masu suka suna da maganganu masu nauyi. Ta farko ita ce tsada. Hayar jirgi na mako guda a tsakiyar bazara takan wuce fam 1,000, ga kuma kuɗin gwamnati da ake zubawa a gyaran hanyoyin, to don me talaka zai biya haraji domin mai hali ya huta? Amsar tana bakin ruwan. Hanyar da dawakai suke bi a da tana nan a gefen kowane kanal, kyauta ce ga kowa, kuma masu tafiya a ƙasa da masu keke da masu kamun kifi da ke binta sun ninka masu jirage nesa ba kusa ba. Kanal ya ratsa unguwannin ma'aikata ne a Birmingham da Mancesta da Landan, domin don masana'antu aka haƙa shi, saboda haka ga mutane da yawa shi ne fili mafi kusa da za su fita su sha iska. Mai jirgi yana biyan kuɗin rajista kowace shekara, kamfanin haya yana biya, matafiya suna sayayya a ƙauyukan da ke kan hanya. Idan jirage suka daina wucewa, hanyar gefen ba za ta daɗe da kyau ba, domin shekarun 1950 sun nuna yadda kanal ɗin da aka yi watsi da shi yake zama juji.

Ta biyu ita ce ruwa, kuma ita ce ta fi damuna. Duk lokacin da aka cika siririn mataki aka zubar, sama da lita 100,000 ne suke gangarawa, jirgin da ya haye tudu kuma yana ɗebe ruwa daga ƙololuwar ta ɓangarori biyu, wajen hawa da wajen sauka. Daga madatsu ake ciko wannan ruwa, yawancinsu kuma sun haura shekara 150 da ginawa. A farin 2018 da na 2022 sai da aka rufe matakai a kanal ɗin Leeds da Libaful saboda madatsun sun ja baya. A nan wajibi ne a yarda cewa idan ruwa ya yi ƙaranci, ruwan sha da na gona da rayuwar kifi suna gaba da hutun kowa, kuma rufewar da ake yi daidai ce. Amma ruwan da ya bi mataki bai ɓata ba, yana komawa kogi ne a ƙasa. Akwai kuma hanyoyin tattali da ake bi, kamar jirage biyu su shiga faffaɗan mataki tare, ko mai hawa ya jira mai saukowa don a ci moriyar ciko ɗaya sau biyu, ko a sa famfo ya mayar da ruwan zuwa sama kamar yadda ake yi a Devizes. Fari dalili ne na taƙaita zirga-zirga a wasu watanni, bai kai dalilin barin hanyar ta mutu ba.

Ta uku ta shafi tarihi. Jiragen haya na yau an yi musu fenti mai ban sha'awa, har mutum ya ɗauka rayuwar kanal ta dā jin daɗi ce. Ba haka take ba. Leburori ne suka haƙa hanyoyin da shebur da baro, da yawansu suka mutu a ramuka. Da jirgin ƙasa ya karya farashin dako, matuƙa suka kasa biyan hayar gida, suka kwaso mata da 'ya'ya suka zauna a ɗan ɗakin bayan jirgi da bai fi mita 3 a tsawo ba, yaran suna aiki ba makaranta, har sai da majalisa ta yi doka a kan haka a 1877. A ramukan da ba su da hanyar doki, mutane ne suke kwanciya rigingine su tura jirgi da ƙafafunsu a jikin bango cikin duhu na tsawon awanni. Cikin kayan da aka yi dako daga Libaful zuwa masaƙun Lancashire har da audugar da bayi suka noma a Amurka. Mai sukar yana da gaskiya idan ya ce kada fenti ya rufe wannan. Amma wanda ya tura ƙyamaren matakai 30 a Tardebigge da bayansa ya fi wanda ya karanta a littafi sanin nauyin aikin da waɗancan mutane suke yi kullum, rani da damina. Kanal ɗin da aka cike da ƙasa kuwa ba ya tuna wa kowa komai.

Haɗarin da ke gaban hanyoyin yanzu na kuɗi ne. Kowane ƙyaure da hannu ake sassaƙa shi daidai da matakinsa a wuraren aikin gidauniyar da ke Bradley da Stanley Ferry, kuma bayan kimanin shekara 25 sai an canja shi. Gine-ginen sun tsufa, ruwan sama kuma yana ƙara zuwa da ƙarfi. A watan Agusta na 2019 madatsar Toddbrook ta lalace bayan mamakon ruwa, aka kwashe kusan mutum 1,500 daga garin Whaley Bridge don gudun kada ta ɓalle. A ranar farko ta 2025 gefen kanal ɗin Bridgewater ya zabtare kusa da Dunham Massey, ya yanke zagayen Cheshire. Ana cikin wannan hali ne gwamnatin Birtaniya ta sanar a 2023 cewa tallafin da take ba gidauniyar zai riƙa raguwa daga 2027. A ganina wannan kuskure ne babba. Madatsa da bangon kanal ba sa daina buƙatar gyara don an hana jirage wucewa, garuruwan da ke ƙarƙashinsu suna nan, kuma dole wani ya biya. Rufe hanya yana kawar da kuɗin rajista da na haya da hannayen 'yan sa-kai ne kawai, ya bar wa gwamnati haɗarin ita kaɗai.